Labari ya zo ta WhatsApp, wasu sun riga sun saka: mu jira ko mu bi su?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a aikin jarida. Shafin labarai ne na Hausa, mu uku ke riƙe da shi, kuma yawancin abin da ke shigo mana ta WhatsApp yake zuwa: saƙon murya, hoto, ko rubutun da ba a san wanda ya fara shi ba. Idan aka ce an kai hari wani ƙauye, ko wani babba ya rasu, kafin mu gama buga waya wasu shafukan sun saka "da ɗumi-ɗumi" sun kwashe masu karatu. Tambayata biyu ce. Wace ƙa'ida ƙaramin shafi zai kafa wa kansa kafin ya saka labari, wadda mutum uku za su iya bi? Sannan idan an riga an saka, daga baya aka gano ba haka ba ne, gogewa ake yi ko gyarawa? Allah ya saka da alheri.

Baban Khadija:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku fara da raba ganau da jiyau. Saƙo ɗaya da ya shigo muku ta zauruka goma majiya ɗaya ce, ba goma ba. Idan kuwa kun ga kibau biyu a kansa, WhatsApp ne ke shaida muku cewa ya bi hannu biyar ko fiye, wato wanda ya turo muku ma bai san inda ya samo asali ba. Ku kira shi ku tambaye shi: kai ka gani? In ba kai ba, wa ya gaya maka? Ba mu lambarsa. Galibin ƙanzon kurege a mutum na biyu ko na uku yake mutuwa, domin za ku iske kowa "an ce" yake riƙe da shi.

Labarin hari na buƙatar mutum biyu da ke wurin, waɗanda ba daga bakin juna suka ji ba. Dagaci ko mai unguwa, ma'aikacin asibitin da aka kai waɗanda suka jikkata, limamin garin, direban da ke lodi a tashar yankin. Bayan su sai kakakin rundunar 'yan sandan jihar. Ku tanadi waɗannan lambobi tun kafin abu ya faru, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a littafi ɗaya da dukkanku za ku iya buɗewa. Ranar da aka kai hari ba ranar neman lamba ba ce.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne adadi. Lissafin awannin farko kusan kullum ya wuce gaskiya, kuma ba lallai don wani ya yi niyyar ƙarya ba. Mutane na tserewa daji a cikin dare, a ƙirga su cikin matattu ko waɗanda aka sace, washegari su dawo. Gawa ɗaya kuma ana iya ƙirga ta a ƙauye, a sake ƙirga ta a asibiti. Adadin da ya fi tsayuwa shi ne na waɗanda aka yi wa jana'iza, daga bakin wanda ya sallace su ko wanda ya rubuta sunayensu. In 'yan sanda suka ce bakwai, mazauna garin suka ce ashirin, ku rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Kada ku zaɓi mai yawa don ya fi jan hankali, kada kuma ku raba tsakiya ku ce sha uku. Babu wanda ya gaya muku haka.

Hoto kuwa, minti biyu ya isa a saka shi a Google Lens ko TinEye a ga ko ya taɓa fitowa a baya. Bidiyo a tsayar da shi a wurare uku ko huɗu, a ɗauki hoton kowane wuri, a bincika su haka. Ku kalli lambar mota, kakin jami'an tsaro, harshen da ke jikin allon shaguna, da yanayin gari. In aka ce muku Zamfara ce a watan Maris, kuka ga ciyawa shar da gajimare, to ku dakata. Ku roƙi wanda ya ce shi ya ɗauka ya turo muku a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoton ta shafe bayanan ranar da aka ɗauke shi.

Wannan ba tsanani ba ne. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa daga can ne. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Kafin a gano hakan an riga an tare hanya an kashe matafiya. Haka saƙon wanka da shan ruwan gishiri na lokacin Ebola a Agustan 2014 ya kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Duk shafin da ya ɗauki irin wannan ya saka da tambarinsa, ya ba shi ƙarfin da ba shi da shi a da.

Labarin rasuwa, sai daga iyalan mamacin ko ofishinsa. Ganin wata, sai sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Waɗannan biyun ba a yin rige-rige a kansu.

Maman Walid:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai zan ƙara cewa binciken da mai karatu bai gani ba, ba zai sa ya yarda da ku ba. Kuna iya kiran mutum biyar, amma in kuka buɗe labarin da "rahotanni sun ce", a idonsa ku da wanda bai kira kowa ba ɗaya ne. Ku faɗi yadda kuka sani. "Wani ma'aikacin asibitin garin ya shaida mana ta waya cewa an kawo musu mutum tara da raunin harsashi" ya fi "majiya mai tushe" sau ɗari. Idan mutum ya nemi a sakaya sunansa, ku faɗi matsayinsa da dalilin sakayawar, kuma lallai editan ya san ko wane ne. Ba a sakaya suna don mutum ya samu damar zagin abokin hamayyarsa.

Kan tambayarka ta biyu, ƙanena, kuskure hawa-hawa ne. Tuntuɓen alƙalami da bai canza ma'ana ba, a gyara kawai. Kuskuren suna, adadi, muƙami, wuri, ko miliyan da ya koma biliyan, a gyara a cikin labarin sannan a sa bayani a ƙasa da rana da lokaci: da farko mun rubuta kaza, daidai shi ne kaza. Idan kuskuren a kanun labarin yake, bayanin ya hau sama, domin da yawa ba sa karantawa zuwa ƙarshe. Idan kuma labarin gaba ɗaya ba shi da tushe, a bar shafin a inda yake, a cire rubutun, a maye gurbinsa da sanarwar janyewa da neman afuwar wanda aka taɓa.

Dalilin da ya sa ba a gogewa a ɓoye shi ne, tun kafin ku goge an riga an ɗauki hotonsa yana yawo. Wanda ya bi adireshin ya iske babu komai, ba zai ce ƙarya ce aka janye ba. Cewa zai yi gaskiya ce aka tilasta muku cirewa. Kun ƙara wa jita-jitar rai ke nan. Inda ake cirewa nan take shi ne abin da zai cutar da wani: sunan wadda aka yi wa fyaɗe, fuskar gawa, bayanin da zai nuna wa 'yan bindiga wanda ya yi magana da ku. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a shari'ar laifukan lalata da makamantansu, ko shi aka zalunta, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa wajen gyara. Kun canza kanu a shafinku, amma tsohon na nan a cikin adireshin labarin, kuma Facebook zai ci gaba da nuna tsohon kanun da tsohon hoton har sai kun shiga Sharing Debugger, wato shafin Facebook na sabunta yadda labari ke bayyana idan an yaɗa adireshinsa, kun sa ya sake ɗaukowa. Katin hoton da kuka rubuta kanun a jikinsa ba ya gyaruwa, sai an yi sabo. Duk inda labarin ya je, Facebook ne, X ne, tashar WhatsApp ce, gyaran ma ya je can da irin girman da aka ba na farkon.

Labarin kotu a yi hattara. Wanda aka kama ana zarginsa ne, wanda aka gurfanar ana tuhumarsa ne. Alƙali ya ce a tsare mutum a gidan gyaran hali zuwa zama na gaba, wannan ba ɗauri ba ne, kuma rubuta "an ɗaure shi" ɓata suna ne. Duk wanda za ku ambata da laifi ku nemi jin ta bakinsa, ku rubuta yadda kuka neme shi: mun kira sau uku, mun tura saƙo da ƙarfe biyu na rana, bai amsa ba. Ku adana muryoyin da kuka naɗa da saƙonnin. An sha tsare 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, kuma ko bayan gyaran da aka yi mata a 2024, waɗannan bayanai su ne abin da lauyanku zai fara tambaya.

Ɗan Katsina:

Hajiya ta gama magana kan gyara. Ni ɓangaren kuɗi zan taɓo, domin ta nan ƙananan shafuka suka fi zubar da mutuncinsu. Rubutun da aka biya ku kuka saka, ku rubuta "Talla" a samansa da manyan baƙaƙe. Sanarwar da ofishin wani ɗan siyasa ya turo, ku ce sanarwa ce daga ofishinsa. Kada ku ɗora mata sunan wakilinku kamar shi ya je ya gani. Kuɗin mota da ake miƙawa bayan taron manema labarai, ku yanke shawara tun yanzu a rubuce cewa ba ku karɓa, domin ranar da mai bayarwar ya yi abin da ya kamata a buga, wayarsa za ta riga labarin isowa. Mutanenmu suna ganewa. Mako biyu suna ganin yabon mutum ɗaya za su raɗa wa shafin sunansa, kuma ko gaskiya kuka faɗa a kan abokin hamayyarsa ba za a saurare ku ba.

Ku buɗe shafin "Su wane ne mu" da cikakkun sunayenku, wanda ya mallaki shafin, garin da kuke, da lambar da za a kira a kai ƙorafi, kuma a riƙa ɗagawa. Sannan don Allah ku bar kanun nan na "Innalillahi: fitaccen jarumi ya..." da ɗigo-ɗigo, mutum ya shiga gabansa na faɗuwa ya iske mota ce ta lalace. Za a latsa yau, amma gobe in babban rashi ya faru da gaske, wurin wasu za a je a tabbatar.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya, Malam Baban Khadija: in mun samu ganau biyu amma kakakin 'yan sanda bai ɗaga waya ba har awa uku, mu ci gaba da jira?

Baban Khadija:

A'a, shirun hukuma ba ya hana labari fita. In ganau ɗinku biyu ne na gaske, daga ɓangarori daban, ku saka abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai kawai: an kai hari gari kaza da misalin ƙarfe kaza, an kai waɗanda suka jikkata asibiti kaza. Abin da suka saɓa a kai, kamar adadi ko su wane ne maharan, ku ce ba a tabbatar ba tukuna. Kada ku jingina harin ga wata ƙabila ko ƙungiya don kawai wani ya ce ya ji yarensu cikin duhu. Ku rubuta cewa kun kira kakakin kun kuma tura masa saƙo, da lokacin da kuka yi. Idan ya amsa, ku ƙara a cikin labarin nan dai, da lokacin ƙarin a sama, maimakon buɗe sabo. In ba haka ba tsohon zai ci gaba da yawo babu martanin. Kuma tunda ku uku ne, wanda ya rubuta kada ya zama shi zai latsa maɓallin wallafawa. Na biyu ya karanta, ya duba suna, adadi, wuri da hoto da abin da ke cikin littafin wanda ya yi kiran, ko da ta waya ce da tsakar dare.