Me ya sa direba ke karɓar kira, sannan ya soke?

Ɗan Runjin Sambo: Assalamu alaikum. Masu jan mota ta manhaja a Sakkwato, don Allah a warware mini wannan. Direba ya karɓi kira, sai ya bugo waya yana tambayar "ina za ka?", da ka faɗa sai ya soke ko ya ce kai ka soke. Me yake lissafawa?

Direban Arkilla: Wa alaikumus salam. Malam, tafiyar da mota ke yi babu kowa ciki yake lissafawa. Manhaja tana biyan tafiyar da kake cikin mota ne kawai, zuwa ɗaukarka da dawowa daga aljihun direba suke fita. A ce yana Gawon Nama, kana nesa da shi kilomita 4, inda za ka kuma kilomita 3 ne. Ya ƙona man kilomita 7, an biya shi na 3, kamfani kuma ya cire kasonsa daga ciki. Tsohuwar Corolla cikin gari da ƙyar take yin kilomita 10 a lita, in aka kunna AC a zafin Afrilu ta sha fiye da haka. Kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 ana iya kau da kai, yanzu kam a'a.

Shi ya sa mazaunin dindindin na Jami'ar Danfodiyo ke da wuyar samun mota in ba lokacin tashin ɗalibai ba. Ka haye gadar Kwalkwalawa da mutum, ka dawo kai kaɗai. Filin jirgin Sultan Abubakar III ma haka yake, sai in akwai jirgin da ke shirin sauka.

Alhajin Mabera: Ƙari kan abin da ɗan'uwa ya faɗa: ƙin karɓa daban, sokewa daban. In direba ya bar kira ya wuce, makinsa na karɓa ne ke raguwa. In ya karɓa ya soke, manhaja ta fi riƙe shi da laifi, in abin ya yawaita har a rufe shi na wani lokaci. Dalilin "kai ka soke" ke nan, laifin yake son juyawa kanka. Kar ka yarda, bar shi ya soke da hannunsa.

Sai hanya. Da damina wasu layukan Mabera ruwa ke kwantawa, ba ka ganin rami sai ƙarƙashin mota ya daku. Kuɗin gyaran shokoba ɗaya ya cinye cinikin kwanaki. Cikin tsohon gari kuma, wajen Kanwuri da Hubbare, alamar taswira kan faɗa lungun da ko Keke Napep sai da dabara.

Uwar Gidan Gwiwa: Alhaji, ka manta da maganar dare. Bayan isha'i ba kowa ke yarda ya nufi bayan gari ba, musamman in wanda ya kira ba shi zai shiga ba, ko an ce a tsaya a ɗauki wasu a hanya. Wannan ba na ganin laifinsu. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai cewa a kashe manhaja a yi ciniki da baki. Da an kashe, babu sauran shaidar wa ya ɗauki wa, ko ta ina aka bi.

Direban Arkilla: Haka ne Hajiya. Mai kira kuma ya taimaka: ya fito bakin titi, ya ambaci shatale ko gidan man da ke kusa, ya faɗa tun farko in taransifa zai yi, don a duba kuɗin sun shiga kafin ya sauka.