Tsinken saitin gaba yana yi mini hazo, na rasa yadda zan yi

Salamu alaikum. Ina harbin allon gwada saiti da ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22 daga nisan mita 50. Saitin ƙarfe ne kawai a kanta, tsinke a gaba, tsaga a baya, babu madubin hange.

Na san ƙa'idar: ido ba ya iya kama nisa uku (tsaga, tsinke da allo) lokaci guda, don haka a kafa shi kan tsinken gaba, a bar allo ya ɗan dushe. To ni ko na kafa idon, kan tsinken ba ya fitowa sarai. Wata inuwa ce ke zaune a samansa, na kasa gane inda ya daidaita da kafaɗun tsagar. Harsashi biyar sai su jeru daga sama zuwa ƙasa, tsawon tafin hannu, amma hagu da dama lafiya lau.

Na baƙanta tsinken da hayaƙin kyandir, ƙyalli ya ragu, inuwar tana nan. Na runtse idon hagu, na dama ya fara hawaye. Na matsar da kuncina gaba da baya a kan gindin bindigar, a banza. Da na sa tabaran karatu mai ƙarfin +1.50 kuwa, tsinken ya fito fes, baƙin ɗigon allon ya narke gaba ɗaya. Shekaruna 47, wataƙila idon ne ya fara gajiya, ko da yake raina bai so yarda ba.

Idan na canza tsagar baya da saiti mai ƙaramin rami, zai fito mini da tsinken ba tare da allon ya ɓace ba? Na gode.