Neman kalma: me za mu kira "confounder" da Hausa?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Jibi zan gabatar da shiri a rediyo kan binciken da likitoci ke yi ta bin diddigin mutane, ba tare da an raba su ta ƙuri'a ba. Kalmar nan ta tsaya mini. Misali, masu yawo da ashana sun fi kamuwa da sankarar huhu, alhali taba ce ke jawo duka biyun. Me zan kira tabar a nan?

Malamar Fassara: Mai shiga tsakani.

Ɗan Ƙididdiga: A'a Malama, wannan wani abu ne daban. Mai shiga tsakani shi ne wanda illa ke bi ta kansa, kamar hawan jini tsakanin ƙiba da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ake nema yana gefe, yana taɓa kowannensu. Ni "ɓoyayyen sanadi" nake cewa.

Likita: Ba kullum yake ɓoye ba. Shekaru da jinsi a fili suke, shi ya sa ake haɗa tsara da tsara kafin a kwatanta. Dabarar daidaita rukunonin da ake kwatantawa da masana ƙididdiga Rosenbaum da Rubin suka fitar a 1983 ma abin da aka auna kaɗai take gyarawa. Ɓoyayyen shi ne ya ruɗi masu bincike kan maganin homon, wato sinadarin jiki da ake ba mata bayan ɗaukewar haila, suka zaci yana kare zuciya, har gwajin da aka raba mata ta ƙuri'a a Amurka ya nuna a 2002 cewa maganin ba ya kare ta.

Dattijon Harshe: Dagulau! Daga dagula, kamar mantau daga manta. Yana dagula sakamako, a fili yake ko a ɓoye.

Likita: Baba, a taron masana ba zan iya faɗin dagulau ba. Gara "konfaunda".

Dattijon Harshe: To me ya sa? Har yaushe za mu riƙa jin kunyar harshenmu? Wanda bai yi boko ba, me zai tsinta a konfaunda?

Likita: Ai likita da asibiti ma aro ne, kuma sun zauna daram.

Dattijon Harshe: Jama'a ce ta are su, ba ku kuka ɗora musu ba.

Mai Shirin Lafiya: Don Allah a yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Zan ce "mai dagula sakamako", in kawo misalin ashana. Wanda ba a auna ba kuma, "ɓoyayyen mai dagula sakamako".

Ɗan Ƙididdiga: Ya yi tsawo, amma ma'anar ta fita.

Dattijon Harshe: Ni dai dagulau zan ci gaba da rubutawa.