Bindiga ko barkono: wanne ne ke tsayar da beyar a dajin Amurka?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Watana ɗaya da zuwa Bozeman ta jihar Montana karatu, 'yan ajinmu sun shirya tattaki cikin daji ta wajen gandun dajin Yellowstone. Wani a cikinsu ya ce min duk wanda ya shiga ƙasar beyar babu bindiga a jikinsa ya kai kansa mahauta, wai barkonon fesawar nan da ake sayarwa kayan yaudarar baƙi ne. Har na fara duba kuɗin libarba .44 Magnum. Kawu, ku da kuka daɗe a Alaska, haka abin yake?

Kawu na Anchorage: Wa alaikumus salam. Ɗana, yaron bai yi ƙarya duka ba. Ni ba na zuwa kamun kifi a kogin Kenai sai da libarbar Smith & Wesson 629 a ƙirjina. Wata safiya ina tsaye cikin ruwa iya gwiwa, sai warin ruɓaɓɓen kifi ya buge ni, na ɗaga kai, ga namijin beyar nan a ɗaya gaɓar, tozonsa kamar na bijimi, ruwa na ɗiga daga gashin wuyansa. Ya dube ni, ya wuce. Irinsu na bakin teku sukan haura kilo 400. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai so a ce gwangwani kaɗai ke hannunsa ba. In za ka saya, .44 ce mafi ƙanƙanta da zan yarda da ita, da harsashi mai taurin dalma wanda ke ratsa ƙashi. Harsashi mai buɗe baki na harbin mutum ne, a kitse da tsoka yake tsayawa. Kuben bindigar kuma a ƙirji, don abin da ke cikin jakar baya sunansa babu.

Injiniya: Kawu, a gafarce ni, zamanin libarba ya ja baya. Harsashi shida ne, ga bugun da take yi wa hannu, kafin ka dawo da bakinta kan saiti dabba ta iso. Fistol ɗin Glock 20 mai 10mm tana cin 15, ta fi sauƙin ɗauka, ita ce kuma sojojin Denmark masu sintiri da karnuka a Greenland ke riƙewa. A 2016 Phil Shoemaker, tsohon jagoran mafarauta a Alaska, da 9mm ya kashe beyar da ta taso wa mutanen da ya rako.

Kawu na Anchorage: Shoemaker ya shekara fiye da talatin a cikin dabbobin nan. Hannunsa ne ya yi aikin.

Anti Nas: To Kawu, kun faɗi abin da nake son faɗa. Kuna ta gardamar wace bindiga, ba wanda ya tambayi Auta ko ya taɓa harba ko ɗaya.

Ɗan Auta: Ban taɓa ba, Anti.

Anti Nas: Ka ji. Beyar tana gudun da ya kai kilomita 55 a awa, wato kusan mita 15 a daƙiƙa guda. In ta fito daga duhuwa mita 30 da kai, daƙiƙa biyu gare ka. A cikinsu za ka zaro, ka saita, ka sami kai ko ƙashin baya na abin da ke tahowa yana sama yana ƙasa, jikinka na ɓari. In a huhu ko ciki ka same ta, za ta mutu, amma sai ta gama da kai tukuna. Barkono kuwa gajimare yake yi a gabanka, ba ya neman gwanin saiti.

An kuma ƙirga abin. Tom Smith na jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero sun bi labaran Alaska. A binciken da suka fitar a 2008, barkono ya dakatar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka fesa, kashi 98 na masu ɗauke da shi kuma ko ƙwarzane ba su samu ba. A 2012 suka fitar da na bindiga, karo 269 daga 1883 zuwa 2009: ƙaramar bindiga ta yi aiki a kashi 84, doguwa a kashi 76. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, waɗanda suka harba da waɗanda ke da bindigar ba su harba ba, raunin da suka ji bai bambanta ba.

Kawu na Anchorage: 'Yata, na san lissafin nan, kuma akwai inda ya yi rauni. Da yawa daga cikin na barkonon, dabbar shinshine-shinshine take yi ko neman abinci a zango, ba a fusace ta taso ba. Ba a haɗa wannan da uwa mai 'ya'ya. Todd Orr, can Montana inda Auta yake, a 2016 ya fesa wa uwa barkono, ta keta ta cikinsa ta kayar da shi, ta kuma biyo shi ta sake. Ga iska. In tana busowa ta fuskarka, kai za ka sha rabonka. Gwangwanin kuma bai kai daƙiƙa goma ba ya ƙare.

Anti Nas: Gaskiyarku a kan lissafin, ban musa ba. Amma Orr ɗin nan da fistol a jikinsa, bai sami damar harba ta ba, sau biyun. A 2011 kuma, a iyakar Montana da Idaho, beyar ta danne wani mafarauci, abokinsa ya harba don ya cece shi, harsashin ne ya kashe mutumin. Auta cikin ayari zai tafi. Ni na fi son in ga yara shida suna tari da hawaye a kan in ga ɗaya da ramin .44 a ƙirji. Na yi aiki a ɗakin gaggawa, na san yadda ramin yake.

Injiniya: Ai ba a hana mutum ɗaukar duka biyun ba.

Anti Nas: Ga wanda ya saba, na yarda. Sabon shiga daƙiƙa biyun nan zai ƙare yana shawarar wanne zai zaro.

Baban Walid: Ku dakata, akwai abin da ya riga wannan duka. Auta, da bizar karatu ka shigo ko? Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza mallakar bindiga ko harsashi, sai in ya shiga cikin 'yan togaciyar da aka yi, kamar mai lasisin farauta. Ko ara ka yi ka riƙe, ka taka dokar, kuma laifi ne da ke iya cinye karatun da zaman ƙasar gaba ɗaya. Sannan tun 2010 an yarda a shiga gandayen daji na ƙasa da bindiga bisa dokar jiha, amma harba ta a cikin Yellowstone haramun ne. Girizili kuma, wato beyar mai ruwan ƙasa ta wannan yankin, tana ƙarƙashin kariyar dokar da aka fara sa ta ciki a 1975, in ka kashe sai an bincika ko da gaske ranka ka kare.

Ɗan Auta: Wallahi ban san da maganar bizar ba. Allah ya saka da alheri, Baba.

Kawu na Anchorage: Wannan ni ma ta shige min, don na daɗe da samun takarda. To ɗana, bar maganar bindiga. Ni dai ba zan ajiye tawa ba, kuma Anti ba ta gamsar da ni a kan uwa mai 'ya'ya ba. Ka sayi barkonon a nan Bozeman, ba a hawa jirgi da shi. Ka duba ranar lalacewarsa. Akwai gwangwanin gwaji marar yaji, ka saya ka yi ta zarowa kana cire makullin da babban yatsa har hannunka ya haddace. Ka saita ƙasa-ƙasa, don da kai a sunkuye take zuwa. Ku tafi a dunƙule kuna magana da ƙarfi, musamman a bakin rafi da kwanar hanya, in kun hango ta ku bar yadi 100 tsakani kamar yadda dokar wurin ta ce. Kada ka gudu. In girizili ce ta kai ka ƙasa, ka kifa ciki, ka rufe ƙeya da hannu biyu, ka bar jakar a bayanka. In baƙar beyar ce, ka yi faɗa da duk abin da ka samu.

Ɗan Auta: Kawu, yaya zan bambance su? An ce launi yana ruɗi.

Kawu na Anchorage: Yana ruɗi ƙwarai, akwai baƙar beyar mai launin ƙasa. Ka dubi kafaɗa. In da tozo, girizili ce.