Musayar Waƙa a kan Kasfes, Askar da ke Cikin Ƙwaƙwalwa

Ɗalibar likitanci, Idi-Araba:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kwana ina bitar darasin kasfes, wato dangin sinadaran inzayim da ke yanka furotin a cikin ƙwayar halitta, waɗanda ake kiran kowanne da lambarsa, sai wata tambaya ta tsaya mini a rai, na ga ya dace in kawo ta cikin waƙa.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Wanda ya tsara laka da ƙwaƙwalwa.

Akwai wata aska cikin ƙwayar halitta,
Tana kube, sai da izini take farkawa.

Ba ta yanka furotin inda ta ga dama,
Sai a bayan asfatet, ɗaya daga tubalansa, take datsewa.

Kasfes ta takwas da ta tara su ke yin shela,
Ta uku, ta shida da ta bakwai ke zartarwa.

Ƙwayar ta ƙanƙance, ta kakkarye,
Maƙwabta su kwashe ta babu zubewa.

Ƙwayar jijiya in ta mutu da wuya a maye ta,
Don me aka ajiye mata abin kashewa?

Malamin kimiyya mai ritaya, Agege:

Wa alaikumus salam, 'yata. Amsar ta fara ɓullowa ne daga wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, wadda jikinta ke samar da ƙwayoyi 1090, sai 131 su mutu a kan tsari, mafi yawansu na jijiya ne, 959 su rage. A 1993 Junying Yuan da Robert Horvitz da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa abin da ke zartar da wannan mutuwa ɗan'uwan wani inzayim ne na jikinmu, a 1996 aka raɗa wa dangin suna kasfes, sannan a 2002 Horvitz da Sydney Brenner da John Sulston suka karɓi kyautar Nobel.

Manomi yakan zuba iri ya wadata,
Bayan tsiro sai ya koma ragewa.

Haka ɗan tayi yake cikin mahaifa,
Jijiya fiye da buƙata yake fitarwa.

Kowacce ta miƙa reshe zuwa ga tsoka,
Tana neman sinadarin da ke rayarwa.

Wadda ta isa ta sami rabonta,
Wadda ta makara, kasfes ke kawarwa.

A sassa da yawa na laka da jijiya,
Kusan rabinsu ba sa wanzuwa.

Ɓerayen da aka cire wa kasfes ta uku,
Ƙwaƙwalwa ta cunkushe, ba su daɗe da rayuwa.

Ma'aikaciyar jinya, Ketu:

Baba Malam, a gafarce ni, zan sauya amsa-amo, domin abin da zan faɗa ba daga littafi kaɗai na samo shi ba. Bayanin yadda ƙwayoyin ke mutuwa ya fi fitowa daga gwajin dabbobi, amma gadon da na zauna a gefensa na mahaifina ne.

Baba Malam, na ji yabon da ka yi wa aska,
Amma a ɗakin jinya wani abu nake gani.

Mahaifina ya faɗi ana shirin sallar asuba,
Jijiyar jini ta toshe, ƙwaƙwalwa ta rasa jini.

Tsakiyar wurin nan da nan ta mutu,
Gefensa ya rage da rai, amma cikin rauni.

Awanni da kwanaki ƙwayoyin gefen na jira,
Har maitokondiriya, injin ƙarfin ƙwaya, ta saki furotin saitokurom, shi ne nuni.

Ya haɗu da furotin Apaf-1, suka tayar da kasfes ta tara,
Ta tayar da ta uku, hannu ya daina bin umarni.

A cutar mantuwa ta Alzaima ma kasfes na gutsure furotin tau,
Gutsuren ya dunƙule, ya dagula tunani.

Tunda an san mai yankan har da lambarta,
Me ya hana a ɗaure ta da magani?

Mai bincike a ɗakin gwaji, Yaba:

Yaya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Matsalar ɗaurewar ita ce ƙwaƙwalwa mai lafiya ma tana amfani da wannan aska. A 2010 ɗakin binciken Morgan Sheng ya nuna cewa a sashen hifokamfus, wanda ke da hannu wajen adana abin da aka koya, kasfes ta uku tana taimakawa wajen sassauta mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya ta hanyar janye masu karɓar saƙo na AMPA, kuma ƙwayar ba ta mutuwa.

Mahaucin Oko-Oba da wanzamin Agege,
Ƙarfe ɗaya ke hannunsu, bambancin ma'auni.

Idan kasfes ta tashi kaɗan a reshe guda,
Reshen kaɗai take datsewa, ba ta rushe gini.

Haka tsutsar ƙuda ke zubar da tsoffin rassan jijiya,
Kafin ta fito da fiffike da sabon launi.

Furotin XIAP ne makiyayin da ke tsare ta,
Kada ta tsallake shinge ta shiga gonar wani.

Kasfes ta ɗaya tana cikin maikurogiliya, ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwa,
Ita ke hura kumburi in sun tarar da rauni.

In aka ɗaure ta takwas, ƙwaya ta bi wata ƙofa,
Ta fashe, ta watsar da kayanta, ɓarnar ta fi muni.

Shi ya sa abin da ya taimaki ɓera a gwaji,
Har yau likita bai rubuta shi ba a wannan zamani.

Malamin kimiyya mai ritaya, Agege:

Ɗana, wanzaminka ya yi daidai, amma ban yarda da mahaucin ba, domin mahauci yana barin jini a ƙasa, ita kuwa kasfes ta uku ko da ta kashe ƙwaya gaba ɗaya ba ta barin zubewa. Mahaucin ya fi kama da ƙofar fashewar da ka ambata. Sai kuma ragowar amsar 'yata, wadda na bari a baya.

Ƙwayar jijiya in ta girma ta kama aiki,
Apaf-1 da kasfes ta uku take ragewa.

Askar na nan, amma an ƙara mata kwaɗo,
Saitokurom shi kaɗai ba ya buɗewa.

Ɗalibar likitanci, Idi-Araba:

Na gode Baba, na gode Yaya da Yayana. Saura ta shida, wadda na ambata a farko babu wanda ya waiwaye ta, alhali a 2006 an nuna a ɓeraye cewa yankan da ake yi wa furotin huntintin a gurbi na 586, inda ta shida ke datsewa, yana da hannu a cutar Huntington, wata cutar ƙwaƙwalwa da ake gada.

Yayana na Yaba, ga ta shida na miƙa maka,
Da wanzami ko da mahauci kake kwatantawa?