Gurnanin hanya da fiton iska a cikin mota: daga ina zan fara gyara?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota a kan wata matsala da ta daɗe tana damuna. Motata ƙarama ce, ƙirar 2008, tokunbo na saye ta, kuma kusan kowane mako ina bin hanyar Kano zuwa Kaduna saboda aiki. A cikin gari ba ni da ƙorafi, amma da zarar na fita na kai kilomita 80 a awa sai wani gurnani ya taso daga ƙasan motar, idan na ƙara wuta zuwa 100 kuma sai fito ya biyo baya ta gefen kunnena na hagu, kamar an bar gilashi a ɗan buɗe, alhali duk a rufe suke. Makon jiya na ɗauko mahaifiyata daga Zariya, tana kujerar baya tana yi mini magana, sai da na rage gudu sau uku kafin na ji abin da take cewa, na kuma isa gida da ciwon kai. Wani ya ce in sa a cire kujeru da kafet a shimfiɗa abin hana ƙara a ko'ina, amma kuɗin da aka yanka mini ba kaɗan ba ne. Shin wannan aikin yana maganin matsalar, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka cire kujera ko ɗaya tukuna, domin ƙara biyu ka kwatanta, kuma ba wuri ɗaya suke fitowa ba. Ni zan yi magana a kan gurnanin.

Idan ka samu miƙaƙƙiyar hanya da babu cunkoso, ka ɗaga ƙafarka daga totur ka saurara. Idan sautin inji ya lafa amma gurnanin yana nan, to ba inji ba ne, ba salansa ba ce. Daga nan ka lura da wurin da kwalta ke canzawa daga sabuwa mai santsi zuwa tsohuwa mai kaushi: idan muryar gurnanin ta sauya nan take, tayoyi ne. Idan kuwa bai damu da irin kwaltar ba, sai dai yana ƙaruwa da gudu, yana kuma sauyawa yayin da kake shan kwana dama ko hagu, to ka zargi boris ɗin ƙafa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin boris da ya fara kuka gargaɗi yake yi, kuma wanda ya lulluɓe kukan da shimfiɗa ya toshe kunnensa ne daga haɗari.

Su tayoyin, ka shafa tafin hannunka a kansu gaba da baya. Idan ka ji kamar haƙoran zarto, ko tudu da kwari, tayar ta cinye ba daidai ba, galibi saboda saitin ƙafa ya goce ko abin rage girgiza ya mutu, kuma irin wannan tayar ba ta daina ƙugi sai an canza ta. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin rubutun DOT a gefenta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tauri idan ta tsufa, ko da zanenta bai goge ba. Sannan kada ka bar mai faci ya buga iska da ƙiyasi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin mota, yawanci a bakin ƙofar direba.

Mai Gyaran Bodi:

Abin da Baba ya faɗa haka yake. Fiton kuma aikinmu ne, kuma a mafi yawan motocin da ake kawo mini robar ƙofa ce ta gaji. Zafin rana yana busar da ita har ta kwanta ta daina tasowa, sai iska ta samu 'yar kafa, kuma kafar da ba ta kai faɗin tsinken ashana ba ta isa ta hana ka sakat a kan babbar hanya.

Ka samu takarda ka sa ta a bakin ƙofa ka rufe a kanta, sannan ka ja. Inda robar ke da ƙarfi za ka ji ta riƙe, inda ta mutu kuwa takardar za ta zare salin-alin. Ka zagaye ƙofar gaba ɗaya, musamman kusurwar sama kusa da madubi. A lokacin hunturu ma ba ka buƙatar takarda: ka buɗe ƙofa bayan doguwar tafiya, za ka ga jan layin ƙura ya tsallake robar ya shigo ciki, daidai wurin da iskar ke bi. Idan ba ka gano ba, ka liƙa salatif irin na masu fenti a gefen gilashin gaba ka yi tafiya, ka cire ka mayar da shi gindin madubi, wuri ɗaya bayan ɗaya, har ka kai inda fiton zai ɗauke. Na tambaye ka, Alhaji: an taɓa canza gilashin gaba, ko an taɓa bugun ƙofar direba? Gilashin da ba a zaunar da kyau ba yana fito, haka ma ƙofar da ta ɗan sauka, kuma wani lokaci saita maƙullinta kaɗai ya wadatar. Idan akwai kariyar ɗaukar kaya a saman motar, ka sauke ta ka gwada.

Abu biyu da ake mantawa da su: robar da ke rufe saman taya ta ciki, wadda ke yagewa a watsar da ita, da 'yan robobin da ke toshe ramukan ƙasan mota da bangon da ke tsakanin inji da fasinja, waɗanda masu haɗa waya ke cirewa ba su mayar ba. Kuma don Allah kada a shafa wa robar ƙofa baƙin mai ko giris, suna kumbura ta su lalata ta. Man silikon ne ya dace da ita.

Malamin Kimiyya:

Na yarda da jeren da suka ba ka, amma ba na so ka tashi da tunanin cewa shimfiɗar banza ce. Tana aiki idan an san abin da kowane kaya yake yi. Robar butil mai bayan alminiyam, irin su Dynamat, aikinta kashe rawar ƙarfe ne. Ka ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa: idan ta yi amo kamar gwangwani, ka liƙa, za ka ji amon ya mutu. Ba sai an rufe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin tsakiyar faffaɗan ƙarfen ya isa, kuma a nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Tare ƙarar da ke ratsowa daga taya kuwa aikin nauyi ne, shi ya sa ake shimfiɗa roba mai nauyin kusan kilo 5 a kowace murabba'in mita, a kan siririn soson da ba ya shan ruwa, ba tare da barin giɓi ba.

Ka guji mai arha da aka yi da kwalta, domin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, za ta narkar da ita ta cika da wari. Ka guji cusa soson katifa a cikin ƙofa, yana riƙe ruwan damina ya jawo tsatsa, kuma kada a toshe ramukan da ruwa ke fita a ƙasan ƙofar. A kula da wayoyin jakar iska da ke ƙarƙashin kujeru.

Game da sakamako, kunne sai an rage kusan desibel 10 (ma'aunin ƙarfin sauti) yake jin ƙara ta ragu da rabi, kuma da wuya shimfiɗa kaɗai ta kai ka nan, tunda gilasai suna nan yadda suke. Ƙarar iska kuma tana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, saboda haka sauka daga 120 zuwa 100, wanda dama shi ne iyakar gudun ƙananan motoci a babbar hanyar ekispires a Najeriya, yana kawo sauƙin da za ka ji nan take.

Baban Ummi:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin takardar da safiyar yau, kuma a saman ƙofar direba ta zare ba tare da na ja da ƙarfi ba, ga layin ƙurar nan kamar yadda mai gyaran bodi ya kwatanta. Ba a taɓa canza gilashin gaba ba tun da motar ta zo hannuna. Tayoyin baya biyu na 2017 ne, ta hagun kuma da na shafa na ji haƙoran zarton sosai. Bakanike ya ɗaga motar ya juya ƙafafun, ya ce boris lafiya lau. Gobe in sha Allahu zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman robar ƙofa, tayoyi da saitin ƙafa kuma sai ƙarshen wata. Malam mai gyaran bodi, da sabuwar roba ta kanti da wadda aka ciro daga jikin wata motar, wacce ka ga ta fi zama daidai?