Dan Allah wa ya tuna sunan gem ɗin faɗan manyan robot ɗin nan na PS1?

Sadik_Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman taimakon waɗanda suka yi zamanin gidan gem na PS1, wato PlayStation ta farko. Akwai wani gem na faɗa da muke bugawa muna yara, irin na mutum biyu ɗin nan da ake fuskantar juna ɗaya dama ɗaya hagu, amma shi ba mutane ba ne ke faɗan, manyan robot ne irin na katun ɗin Japan, kowanne da matuƙinsa a ciki har kana jin muryarsa yana ihu in ya saki makami. Sunan ne ya ɓace min gaba ɗaya, don mu "robot" kawai muke ce masa kuma mai shagon ya san faifan da muke nufi.

Abin da zan iya tunawa, akwai wani baƙi mai riƙe da lauje mai hasken kore yana da fukafukai irin na jemage, akwai fari mai fukafukan tsuntsu da doguwar bindiga, akwai wani kuma da hannunsa ke yin jawur ya cafke ka ya ɗaga ka sama. Sannan akwai wani bos kore ƙato, ba shi da hannu sai ƙafafu biyu dogaye, girmansa ma allon talabijin ba ya ɗauka, in ya taka ka jininka ya tafi.

Tambayata uku ce. Menene sunansa? Sannan a lokacin yawancin yara ba sa son a saka shi, kowa Tekken 3 ko Winning Eleven, wai shi yana da nauyi robot ɗin ba sa sauri, to shin nauyin daga faifan kwafi ne ko dama haka aka ƙera shi? Na uku, zai yi a wayar Android? Ƙanena nake so in nuna wa.

Baba Sega

Wa alaikumus salam Sadik. Gundam Battle Assault 2 kake nema, ba ko tantama. Bandai ne suka fitar da shi a 2002, kamfanin Natsume kuma su suka yi aikin ƙera shi. Abin da ya sa na ce na biyu ba na farko ba shi ne mai laujen nan, sunansa Deathscythe Hell kuma babu shi a na farkon. Farin mai fukafukai Wing Zero ne, mai jan hannu Burning Gundam, ƙaton koren nan kuma Big Zam, shi dai yana cikin duka biyun.

Maganar nauyi kuwa ƙanena faifanka lafiyarsa lau, da gangan aka yi shi haka, kuma ni a wurina nan ne duk daɗin gem ɗin yake. Ka lura da yadda aka zana su, ba hoto ɗaya ba ne ake canzawa duk motsi irin na Street Fighter, kowace gaɓa daban aka zana ta, cinya daban ƙwauri daban kafaɗa daban, sai aka haɗa su suna juyawa a mahaɗa, shi ya sa in robot ya ɗaga hannu zai kai naushi za ka ga kafaɗa ta fara tafiya kafin damtse ya biyo kafin dunƙulen ya iso, kamar tirela mai lodi za ta sha kwana. A cikin labarin Gundam na asali tsawonsa mita 18 ne, Big Zam kuma ya kusa mita 60, to abu mai wannan girman in ya riƙa tsalle-tsalle da sauri ai ba za ka ji girman a hannunka ba.

Kuma tsarin faɗan ma daban ne, wanda ya zo da hannun Tekken yana danne-danne dole ya ce babu daɗi. Babu zagaye na ɗaya da na biyu, layin jini uku gare ka, in ɗaya ya ƙare robot ɗinka ya faɗi ya tashi a ci gaba daga nan, wanda ya kayar da kai ba a cika masa nasa jinin ba, saboda haka duk ɗan abin da ka rage masa yana nan. Harsashi ƙidayayye ne, lambar tana nan a allo tana raguwa, in ka zazzage shi tun farko shikenan sai dai ka shiga da ƙarfe. Wutar tashi sama ita ma tana da ma'auni, kuma da ita ake gocewa, in ka ƙone ta a banza sai ka tsaya ƙasa kana jira ta dawo. Babban makamin nan kuma sau uku kacal za ka iya sakinsa a faɗa guda. Sai saran takobin haske, wanda ba ya taruwa ko ka kare, amma yana ɗaukar lokaci kafin ya sauka, in ka ga ya zaro ko dai ka goce ko ka riga shi duka. To ka ga lissafi ne tun daga farko har ƙarshe, me zan kashe yanzu me zan ajiye, kuma wlh yaran da muka ga sun ƙware a kansa ba masu saurin yatsa ba ne, masu haƙuri ne.

Anti Zainab

Kai wannan zance ya tuna min da tashar katun ta Spacetoon, a nan muka fara ganin Gundam Wing da fassarar Larabci a dish ɗin gidanmu, ni da yayyena, tun ba mu san akwai gem ɗinsa ba.

Baba Sega na yarda da kai a kan suna amma ban yarda cewa sai da nauyi gem ɗin robot ke daɗi ba, kuma hujjata daga Natsume ɗin nan dai take. Shekara shida kafin wannan, a 1996, sun yi Gundam Wing Endless Duel a Super Famicom, wato Super Nintendo ta Japan, kuma a Japan kaɗai aka sayar da shi, mu sai daga baya muka same shi a kwamfuta ta emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar gem. Wannan gudu gare shi, kana iya yin tsalle biyu, ka tsaya a iska, ka kutsa gaba kana kare kanka, ka ɗaga mutum sama ka bi shi da duka kafin ya sauko, amma duk da haka in ƙarfe ya haɗu da ƙarfe kana jin ƙarar a ƙirjinka, ba wanda zai ce ba robot yake tuƙawa ba. Robot ɗin ba su da yawa, Gundam biyar ɗin nan na taurarin, da Wing Zero da Tallgeese da Mercurius da Vayeate, sai Epyon shi ne bos, guda goma ke nan. Amma kowanne da halinsa, Heavyarms ruwan harsashi, Shenlong hannunsa na miƙewa ya cafko ka daga nesa, Mercurius kuma da 'yan faya-fayan nan da ke zagaye shi suna kare shi.

Kuma abin da mutane da yawa ba su lura ba, kafin shi sun yi gem ɗin faɗa na Power Rangers a 1995 a na'ura ɗaya, wanda shi ma manyan robot ne ke dambe, in ka buga su a jere za ka ga hannu ɗaya ne ya yi su, sai dai na Gundam ya fi gogewa nesa ba kusa ba.

In don gasa ce tsakanin mutum biyu da suka iya, gsky Endless Duel zan zaɓa, don a Battle Assault 2 ba a daidaita ƙarfi ba, in aka bar mutum ya ɗauki Big Zam ko Neue Ziel ai faɗan ya tashi daga gwanin hannu. Amma ta fannin yawan robot da kyan zane ba a haɗa su, wannan kam na ba ku.

Sadik_Fagge

Allah ya saka da alheri Baba Sega, shi ne wlh, na duba bidiyonsa yanzu na ga mai laujen. Anti na gode, wannan na Nintendo ban taɓa buga shi ba amma zan nema. Saura maganar waya, da kuma yadda ake kayar da Big Zam ɗin nan don a nan kowa yake maƙalewa.

Injiniya_Tudunwada

Malam Sadik zai yi a waya sosai, gem ɗin PS1 ba ya cin ƙarfin waya, ko mai matsakaicin kuɗi za ta ɗauka. Ka saka emuletan DuckStation ko ePSXe, ni na fi son na farkon don hotonsa ya fi fita tas, shi dai DuckStation yana buƙatar fayil ɗin BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar PS1, kafin ya tashi. Na Anti Zainab kuma Snes9x, shi ko BIOS ba ya nema. Shawarata guda, kar ka wahalar da kanka da madannan kan allo, ka samo hannun gem ko na Bluetooth ko mai waya ka haɗa da OTG, wato 'yar mahaɗar da ke jona USB da waya, domin makaman nan sai ka murza ƙasa zuwa gaba sannan ka danna, a kan gilashi babban yatsa zamewa yake yi sai ka ga robot ya yi tsalle maimakon ya harba. Kuma in da ƙanenka za ku buga ku biyu, kwamfuta ta fi, hannu biyu a USB kun gama.

Tunda an buɗe zancen bari in ƙara gem biyu na kamfanin Capcom don bai kamata a yi hirar faɗan robot ba a ambace su ba. Cyberbots na 1995, na injin arked ne, daga baya ya fito a na'urar Sega Saturn da PlayStation a Japan a 1997. A nan matuƙi daban kake zaɓa robot daban, kuma ana iya fizge wa robot hannu ya faɗi ƙasa, sai ka ga mutum yana ta ƙoƙarin komawa ya ɗauki hannunsa kai kuma ka tsaya a kai ka hana shi, wannan abin ba ƙaramin tashin hankali yake sa wa ba in ana buga shi da mutane a bayanka suna ihu. Jin Saotome ɗin nan mai farin kaya na Marvel vs Capcom daga nan ya fito shi da robot ɗinsa Blodia. Shi Cyberbots ɗin ma ba sai ka sha wahalar nema ba, yana cikin Capcom Fighting Collection da aka fitar a 2022, ana sayensa a PS4 da Switch da Xbox da kwamfuta har da bugawa ta intanet.

Na biyu Tech Romancer, arked a 1998, na'urar Sega Dreamcast a 2000. Shi 3D ne kana zagaya fili kana farfasa gine-gine kana tsintar makamai. Robot ɗinsa ba daga wani katun aka ɗauko su ba, ƙirƙirarsu aka yi, amma kowanne an yi shi ne ya wakilci wani salo na katun ɗin robot, akwai na jarumi mai harba dunƙule, akwai na soja, akwai mai rikiɗa ya zama jirgin yaƙi, kuma Shoji Kawamori wanda ya zana jiragen katun ɗin Macross yana cikin masu zanen. Labarin kowane matuƙi an yanka shi kashi-kashi da take, sai ka ji kana kallon shiri ne mako-mako. Emuletan Flycast ko Redream suna buɗe shi amma shi yana son waya mai ɗan ƙarfi.

Baba Sega

Anti Zainab ban musa miki ba, a ƙa'idar gidan gem ɗinmu ma an hana ɗaukar manyan bos in ana buga na kuɗi, wanda aka ci shi ke biya to wa zai yarda. Amma ki cire su ki bar matsakaitan, a ba ni Sazabi ko Tallgeese III ki ɗauki wanda kike so, za ki ga akwai gwaninta a ciki.

Sadik ga Big Zam. Abu na farko ka cire tsoron girmansa, ba ya iya karewa, duk abin da ka jefa masa ya shiga, matsalar kawai ba ya girgiza in ka dake shi, wato kana dukansa yana ci gaba da abin da yake yi. Kuskuren da kowa ke yi shi ne tsayawa a gindin ƙafafunsa ana ta naushi, alhali tafiyarsa kaɗai duka ce, yana matsowa yana taka ka. Ka ja baya ka fara sauke masa harsashinka daga nesa, a nan Heavyarms yake da amfani. In ya matso ya kusa haɗa ka da bango kar ka jira, ka tashi sama da wutarka ka dake shi a jiki, ka sauka nesa. Kar ka taɓa barin ma'aunin wutar ya ƙare gaba ɗaya, ka riƙa rage ko ɗaya don gocewa in ya buɗe babbar bindigar tsakiyar nan. Manyan makamanka uku kuma kar ka yi rowarsu a kansa, shi ba ya kaucewa kuma faɗinsa ya cika allo, duk wanda ka saki zai same shi cif.

Ka fara da Street mode ka bi labarin matuƙa ɗaya bayan ɗaya, ta nan ake buɗe sauran robot ɗin da ke kulle, kuma ka tabbata ka kunna memori kad a cikin emuletan kafin ka fara don kar ka gama wahala ka rufe ka tarar babu komai. Ƙanenka kuma ka fara ba shi Burning Gundam, dukansa a fili yake ba ya buƙatar dogon lissafin harsashi, in hannunsa ya faɗa sai ka matsa da shi zuwa mai laujen.